Notin Jirgin Sama: Tarihin Ɗan Ƙarfen Da Ake Rataya Rayuka A Kansa

 

A Hausa idan mutum ya fara sambatu sai mu ce notinsa ya kwance. Idan kuma ana zancen manyan da mulki ya dogara a kansu, sai mu kira su ƙusoshin gwamnati. Ashe dai harshenmu ya daɗe da gane cewa babban abu a kan ƙarami yake tsayawa, ko da yake a aikace ba mu cika ba ƙaramin haƙƙinsa ba. Wannan ne ya sa na ga ya dace a yau mu bi tarihin noti, musamman wanda ake ɗaura wa jirgin sama, mu ga inda ya faro, yadda ya ratso ƙasarmu, da yadda masu sana'ar ke zaɓensa. Kada mai karatu ya ce ina ruwan manomin Funtuwa ko Malumfashi da notin jirgi. Duk shekara iyayenmu da ƙannenmu na barin gonakinsu a Bakori da Ɗanja da Ƙafur da Faskari su hau jirgi zuwa aikin Hajji. Kamfanin Boeing ya ce jirginsa samfurin 747 na ɗauke da sassa kimanin miliyan shida, kuma rabinsu ƙusoshi ne da notuna da sauran abubuwan ɗauri. To ka ga kenan duk wanda ya taɓa zama a kujerar jirgi ya ba noti amanar ransa, ko ya sani ko bai sani ba.

Kafin mu yi nisa, bari mu daidaita kalmomi. Abin da muke kira noti a dunƙule guda biyu ne. Akwai namijin, wato dogon mai kai da jiki, wanda wasu makanikai ke kira bol. Akwai kuma macen, wadda ake murzawa ta kama shi. Layin nan da ya nannaɗe jikin namijin shi zan riƙa kira zare. Ɗan faifan ƙarfen da ake sawa a tsakani kuwa shi ne washa.

Yadda noti ya shigo ƙasarmu

Maƙeranmu na dā gwanaye ne, amma ba da zare suke haɗa ƙarfe ba. Idan za a yi fartanya ko gatari, sai a gasa wutsiyar ruwan a cusa ta cikin ƙota da zafinta. Idan ƙarfe biyu za a haɗa, sai a huda su a zura ƙusa a dandaƙe bakinta. Irin wannan haɗi ba ya kwancewa sai an lalata shi. Amfanin noti shi ne ana kwance shi a gyara abu a mayar, kuma wannan amfanin shi ne kuma hatsarinsa, domin abin da hannu zai iya kwancewa, girgiza ma za ta iya.

Noti ya shigo mana da yawa ne tare da jirgin ƙasa da auduga. Layin dogo ya isa Kano a 1911. Daga baya aka ja reshe daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau, ya tsaya a Ƙaura Namoda a 1929. Kamfanin nan na Turawan Manchesta da aka kafa a 1902 don bunƙasa noman auduga, wanda muke kira Bisije, ya kafa injinan gurza a Funtuwa da Malumfashi. Sai garmar shanu ta biyo baya, sai keke, sai keken ɗinki, sai manyan motocin Bedford masu kwasar auduga daga fuloti. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya zo da nasa notunan da nasa sifanu. A 1975 aka buɗe shirin bunƙasa aikin gona na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya, taraktoci suka ƙaru, masara ta mamaye gonaki, makanikai suka yawaita a bakin hanya.

A nan ne aka fara gamuwa da wani ruɗani da duk tsohon makanike zai ba ka labarinsa. Kayan Ingila da inci ake auna su. Fijo da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, da Fiat ta Kano, da Steyr ta Bauci, su kuma da milimita. Keken Rali ma yana da irin nasa zaren daban. Sai ka ga noti ya shiga, ya yi zagaye biyu, ya cije. Mai haƙuri ya je ya nemo na asali. Mai gaggawa ya sa ƙarfi ya murɗe, zare ya cinye, a ce a lallaɓa. Wannan ruɗanin ba a ƙasarmu aka ƙirƙire shi ba, gadonsa muka yi.

Kowace kasuwa da mudunta

Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a Dandume ya kai wata kasuwa ya san mudu ba ɗaya ba ne. Haka noti yake a Turai shekara ɗari biyu da suka wuce. Kowace maƙera da irin zarenta, har ta kai namijin da aka yi yau ba lallai ya shiga macen da aka yi jiya ba a wuri guda. Wajen shekarar 1800 wani Bature mai suna Henry Maudslay ya inganta injin yanka zare, ta yadda za a iya fitar da noti dubu iri ɗaya. Sai dai ba a yarda da mudu guda ba tukuna.

Wanda ya kawo mudun shi ne Joseph Whitworth, wanda ya taɓa aiki a ƙarƙashin Maudslay. Ya tattaro notuna daga masana'antu daban-daban na Ingila, ya auna su, sannan a 1841 ya ba da shawarar a tsaya a kan tsari ɗaya: kusurwar zare ta zama digiri 55, kuma kowane kauri ya kasance da ƙayyadadden adadin zare a cikin inci guda. Kamfanonin jirgin ƙasa suka karɓa, sauran suka bi. A Amurka kuwa, William Sellers ya fito da nasa tsarin a 1864 mai digiri 60, wanda ya fi sauƙin yankawa. Faransa da Jamus suka kama hanyar milimita. Duniya ta tashi daga mudu dubu ta koma mudu uku ko huɗu, waɗanda a ido suke kama da juna. Kama da wane kuwa ba ta wane.

Daga Alƙahira zuwa Kano

Ranar 1 ga Nuwamba 1925, a zamanin Sarkin Kano Usman, jiragen sama uku na sojan Ingila suka sauka a Kano bayan sun taso daga Helwan kusa da Alƙahira, a ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham. Samfurinsu DH.9A. In da makaniken yau zai gan su, da ya riƙe baki. Gangar jikin katako ce, an lulluɓe ta da ƙyalle, an ɗaure fukafukai da wayoyi, an haɗa gaɓoɓin da farantan ƙarfe da notuna. Jikin na Ingila ne, injin kuma mai suna Liberty ƙirar Amurka ne. Wato jirgin farko da Kanawa suka gani da idonsu yana ɗauke da aikin ƙasashe biyu masu mudu biyu.

A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigila tsakanin Khartum da Kano. Amma abin da ya mai da Kano babbar tasha shi ne Yaƙin Duniya na Biyu. Da Italiya ta shiga yaƙi a 1940, hanyar Bahar Rum ta zama mai hatsari ga Ingila. Sai aka koma kawo jiragen yaƙi a cikin akwatuna ta teku zuwa Takoradi a ƙasar Gana ta yau, a haɗa su a can, su tashi su bi ta Ikko, Kano, Maiduguri, Janaina, Fashir, Khartum, har Masar. Daga Satumbar 1940 zuwa 1943 jirage fiye da dubu biyar suka bi wannan hanya. Da farko na Ingila ne, irin su Hurricane da Blenheim, daga baya na Amurka suka shigo, irin su Tomahawk da Kittyhawk.

Mai karatu ya kwatanta halin makaniken da ke aiki a wannan hanya, cikin ƙurar hunturu ko zafin bazara. Jirgin Ingila ya sauka, sifanunsa daban. Na Amurka ya biyo shi, nasa daban. Notin da ya faɗi daga wannan ba zai yi aiki a wancan ba, alhali abokan yaƙi ne. Lokacin da aka ba kamfanin Packard na Amurka kwangilar ƙera injin Merlin na Rolls-Royce, sai da ya tanadi kayan yanka zare irin na Ingila don sassan su dace da injinan da ke fagen fama. An yi asarar lokaci da dukiya mai yawa a kan wannan ɗan bambanci. Shi ya sa bayan yaƙi, a watan Nuwamba 1948, Amurka da Ingila da Kanada suka sa hannu a kan tsarin zare guda na inci mai digiri 60. Sauran duniya ta taru a kan na milimita, Nijeriya ma ta koma awon mita a shekarun 1970. Sai dai harkar jirgin sama ta tsaya a kan inci. Har yau yawancin notunan jiragen Boeing, da ma na Airbus da ake ƙerawa a Turai, da inci ake auna su, yayin da jiragen Rasha ke bin milimita.

Karatun kan noti

A zamanin yaƙin ne sojan sama da na ruwa na Amurka suka daidaita lambobin kayan jiragensu, aka samu abin da ake kira notin AN. Daga baya aka ƙaro na MS da na NAS. Duk mai koyon gyaran jirgi da waɗannan yake farawa, kamar yadda almajiri ke farawa da babbaƙu.

Ga misali. Idan an rubuta AN4-12A, lambar 4 na nufin kauri, kashi huɗu cikin goma sha shida na inci, wato rubu'in inci. Lambar 12 tsawo ce, kimanin inci ɗaya da kashi biyu cikin takwas. Harafin A na ƙarshe na cewa ba a huda bakin notin ba. In babu A, to akwai huda ta zura 'yar ƙusar kulle. Kan notin ma yana magana. Alamar gicciye ko tauraro na nuna ƙarfe ne mai gauraye na jirgi. Layi ɗaya, ƙarfe ne marar tsatsa. Layi biyu, alminiyom ne. Alama mai kusurwa uku, noti ne da aka goge shi daidai wa daida don ramin da ba a son ko ɗan motsi. Wanda kansa ba alama ko kaɗan, ba a yarda ya kusanci jirgi.

Akwai wani abu da zai ba mai karatu mamaki. Notin AN na yau da kullum yana jure jan da ya kai fam 125,000 a kan kowane murabba'in inci. Wannan bai wuce ƙarfin notin mota mai lamba 8.8 da yawa ba, kuma mai lamba 10.9 ko 12.9 ya fi shi. To me ya sa ba za a je kasuwa a sayo 12.9 a ɗaura wa jirgi ba? Dalili na farko, ƙarfen da ya cika tauri yakan karye farat ɗaya ba gargaɗi, shi kuwa na jirgi ana son ya jure girgiza ta shekaru, in ma zai gaza ya fara lanƙwasa. Na biyu, zaren notin jirgi murza shi ake yi da matsi, ba a yanke naman ƙarfen, don haka tsaga ba ta samun mafara da wuri. Na uku, ana shafa masa kadmiyom don tsatsa. Na huɗu, wanda ya fi duka, an san asalinsa. Akwai takardar da ke nuna masana'antar da ta yi shi, da rukunin da ya fito, da gwajin da aka yi masa. Lambar da ke kan notin kasuwa kuwa, kowa na iya buga ta.

Bayan an samu noti na gaskiya, sai zaɓen tsawo. Jikin namijin kashi biyu ne, santsi da zare. Ƙa'ida ita ce santsin ya yi daidai da kaurin abubuwan da za a haɗa, domin zare in ya zauna cikin rami yakan ci ramin, shi ma ya raunana. In santsin ya ɗan zarce, a cike da washa. Bayan an ɗaure, dole a ga aƙalla zare ɗaya ya leƙo bayan macen. Inda hali ya yi, ana sa kan notin ya kalli sama ko gaba, don ko macen ta faɗi namijin ya zauna a raminsa.

Sai ɗauri. Makaniken jirgi ba ya ɗaure noti da ƙarfin damtse, balle ya zura bututu a sifana ya hau da ƙafa. Akwai sifana mai awo, littafin jirgi kuma ya faɗi adadin da za a tsaya. Hikimar ita ce noti in an ɗaure shi yakan ɗan miƙe kamar roba, wannan miƙewar ce ke matse sassan. In ɗauri ya gaza, sassan su riƙa motsi har ƙarfe ya gaji ya tsage. In ya wuce kima, an riga an cinye ƙarfin notin tun jirgi bai tashi ba.

Na ƙarshe shi ne kulle. Akwai mace mai tsage-tsage a kai kamar rawanin ganuwa, wadda ake zura wa 'yar ƙusa mai baki biyu a tanƙware. Akwai waya da ake zurawa ta hudar kai a murɗe ta yadda in noti ya nemi kwancewa sai ta ƙara jan sa. Akwai kuma mace mai zoben roba a ciki da ke riƙe kanta, amma ba a sa ta inda zafi ya wuce digiri 120 a ma'aunin Salsiyos, don robar za ta saki.

Wani lokaci ma noti mai rauni ake nema da gangan. Manoman da ke aiki da garmar tarakta sun san notin nan da aka yi don ya karye in garma ta ci karo da kututture ko dutse. Wanda ya gaji da sauya shi ya sa mai tauri, ranar da ya haɗu da dutse abin da zai karye ya fi noti tsada nesa ba kusa ba. A wasu jirage ma akwai irin wannan ƙusa a inda inji ke rataye da fiffike. Zaɓen noti kenan: wanda littafi ya ce, a inda littafi ya ce.

Gani ga wane

Waɗannan ƙa'idoji ba don ƙawa aka rubuta su ba. Ga misalai huɗu.

Ranar 8 ga Satumba 1989 wani jirgi samfurin Convair 580 na kamfanin Partnair ya tashi daga Oslo zuwa Hambag. A kusa da gaɓar Denmak jelarsa ta fara kaɗawa, jirgin ya wargaje a sama ya faɗa teku, mutum 55 da ke ciki ba wanda ya tsira. Da aka tsamo tarkacen, masu bincike suka gano cewa uku daga cikin notuna huɗu da ke riƙe da jelar jabu ne, ba a gasa ƙarfensu yadda ya kamata ba. A ido ba su da maraba da na gaskiya.

Ranar 10 ga Yuni 1990 jirgin British Airways samfurin BAC 1-11, irin wanda kamfanonin Kabo da Okada suka daɗe suna jigila da shi a nan gida, ya tashi daga Bamingam zuwa Malaga ta ƙasar Sifen. Yana kaiwa ƙafa 17,300 gilashin gaban direba ya fita, iska ta fizgi kyaftin Tim Lancaster ta fitar da rabin jikinsa waje. Ma'aikatan jirgin suka riƙe ƙafafunsa na kusan minti ashirin, mataimakinsa ya sauke jirgin a Sawsamtin. Allah Ya yi da sauran kwana, kyaftin ya rayu har ya koma aiki. Me ya faru? Sa'o'i 27 kafin tashi an sauya gilashin a aikin dare. Shugaban masu gyara na wannan dare, ƙwararre mai shekaru a sana'a, bai buɗe littafin sassa ba. Ya ɗauki tsohon noti ya je ma'aji yana gwada shi da sababbi da ido, a wurin da haske bai wadata ba. Cikin notuna 90 da ya ɗaura, 84 sun gaza kauri da milimita 0.66, sauran shidan kuma sun gaza tsawo da milimita biyu da rabi. Abin da ya ƙara ɗaure kai, tsofaffin da ya kwaikwaya su ma ba su ne na ƙa'ida ba. Wanda ya zo kafin shi ya kauce, shi kuma ya bi sawu.

Ranar 20 ga Agusta 2007 jirgin China Airlines samfurin Boeing 737 ya sauka lafiya a Okinawa ta ƙasar Japan, yana tsayawa sai wuta ta kama shi ya ƙone. Mutum 165 da ke ciki sun samu fita da kyar. Washa ɗaya ce ta faɗi a wani gyara da aka yi makonni kafin nan, noti ya zame daga mazauninsa ya huda tankin mai.

Na baya-bayan nan, ranar 5 ga Janairu 2024, wani sabon Boeing 737 MAX 9 na Alaska Airlines ya tashi daga Fotlan a Amurka, wani murfin ƙofa ya ɓalle a kimanin ƙafa 15,000. Ba a rasa rai ba. Bincike ya nuna an cire notuna huɗu masu riƙe murfin tun a masana'anta don a yi wani gyara, ba a mayar ba, kuma ba a rubuta cewa an cire ba. Tun da ba a rubuta ba, ba wanda ya zo dubawa.

Mai karatu ya lura, na farko ha'inci ne, na biyu dogaro da ido, na uku raina ƙaramin abu, na huɗu rashin rubutu. Ba ɗaya daga cikinsu da ya faru a ƙasar da ba ta da ilmi ko kuɗi. Ha'incin ma bai ƙare ba. Amurka ta yi dokar ingancin notuna a 1990 bayan an gano jabu sun shiga har kayan sojanta, amma a 2023 sai ga wani kamfanin dillanci a Landan an kama shi yana sayar da sassan injin jirgi da takardun bogi.

Zariya, Kaduna, da mu

Ilmin nan bai yi mana nisa ba. A 1964 aka kafa makarantar koyon aikin jiragen sama a Zariya, da taimakon hukumar jiragen sama ta duniya da Majalisar Ɗinkin Duniya. Daga Funtuwa tafiyar sa'a ɗaya ce da 'yan mintoci a mota. Mutane sun fi saninta da horar da direbobi, amma tana da sashe guda na injiniyoyin gyara, waɗanda sai sun ci jarrabawa hukumar kula da jiragen sama ta ƙasa ke ba su lasisi. Jirgi ba ya tashi sai ɗayansu ya sa hannu a littafi, kuma a wurare masu hatsari, kamar igiyoyin sarrafa jirgi, sai mutum na biyu ya sake dubawa ya sa nasa hannun. A Kaduna kuma an taɓa haɗa jiragen koyo guda 60 masu suna Air Beetle don sojan sama, wanda na farkonsu ya tashi a 1989. Ashe a Arewa an ɗaure notin jirgi tun daga akwati har sama.

A 2007 labarin wani ɗalibin Jami'ar Bayero ya zaga duniya, bayan ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin mota da tarkacen ƙarfe. Tun daga nan ba a rasa jin wani matashi a wani gari ya ƙera nasa. Ina jinjina wa irin wannan basira, kuma ina ganin hukuma ta yi sakaci da ba ta jawo su a jiki ba. Sai dai gaskiya ɗaya ce, abin da ya raba waɗannan jirage da na Zariya ba ƙwaƙwalwa ba ce. Notin da aka tsinta a wurin 'yan gwangwan ba wanda ya san shekara nawa ya yi yana shan girgiza, ba wanda ya san sau nawa aka wuce kima wajen ɗaure shi. Gajiyar ƙarfe ba ta nuna kanta a fuska. Matashin da ke son wannan fanni, mafi alherin da za a yi masa shi ne a kai shi inda zai koyi karanta kan noti da cika takarda, kafin a taru ana tafa masa ya hau sama.

Mu da ke ƙasa ma darasin ya shafe mu. Motar da ta ɗauko buhunan masara daga Malumfashi, an ɗora mutane a kai, tayarta na da ramin noti shida amma huɗu ne a ciki, ɗaya ma na wata motar ne, ita ma amanar rayuka ta ɗauka. Injin casar da ke juyi da gudu yara na kewaye da shi, haka. Mun saba cewa mota in ta lalace ai sai a faka a gefe, jirgi ne ba shi da gefen hanya. Amma tayar da ta fita a kan gudu tsakanin Funtuwa da Yashe ba ta ba direba damar fakawa. In abin ya faru sai mu ce ƙaddara, kuma ƙaddara gaskiya ce. To amma malamai sun koya mana a ɗaure raƙumi tukuna sannan a yi tawakkali, sun kuma gaya mana makomar masu tauye mudu. A ganina mai sayar da noti marar ƙarfi da lambar mai ƙarfi a kansa ya shiga wannan sahu, har ma ya fi mai tauye hatsi ɓarna, domin hatsi ana ramawa.

Kammalawa

Shawarata ga makanikanmu da masu taraktoci ba ta da tsada. A duba lambar da ke kan noti kafin a saya. Kada a haɗa na inci da na milimita don kawai ya shiga. Kada a ɗauka tsohon da aka cire shi ne daidai, a nemi abin da masu injin suka rubuta. A mayar da washa da ƙusar kulle inda aka same su. Wanda ya kwance abu ya ƙirga abin da ya cire, ya ƙirga abin da ya mayar. Ƙungiyoyin makanikai kuma, ko sifana mai awo guda ɗaya ce a haɗa kuɗi a saya a gareji, yaran da ke koyo su tashi da saninta. Iyaye da masu hali a yankinmu su tuna cewa makarantar Zariya na nan kusa, kuma jiragen da ke kwasar alhazanmu na buƙatar masu gyara kamar yadda suke buƙatar direbobi.

Daga Whitworth a 1841 zuwa yarjejeniyar 1948 an ɗauki shekara ɗari da bakwai kafin manyan ƙasashe uku su yarda da zare ɗaya. Sauran ƙa'idojin kuwa da rayukan mutane aka saye su. Mu an kawo mana su a rubuce, ba mu biya ko sisi ba, saura aiki da su. Ɗan hakin da ka raina dai shi ke tsone maka ido.

Allah Ya kiyaye matafiyanmu na sama da na ƙasa, Ya sa mu zama masu riƙon amana a sana'o'inmu. Sai mun sake haɗuwa, in Allah Ya kai mu.